Ƙibar Yara Da Tamowa: Matsaloli Biyu Daga Tukunya Ɗaya

A watan Satumba na shekarar 2025, Asusun Tallafa wa Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya fitar da wani rahoto wanda ya ja hankalin hukumomin lafiya a ƙasashe da dama. Rahoton ya nuna cewa a karon farko, yawan yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu fama da matsananciyar ƙiba ya zarce yawan masu fama da rama a faɗin duniya. Daga shekarar 2000 zuwa 2025, masu rama sun ragu daga kusan kashi 13 cikin 100 zuwa kashi 9.2, su kuwa masu matsananciyar ƙiba suka ƙaru daga kashi 3 zuwa kashi 9.4. Wannan adadi ya kai kimanin yara miliyan 188, wato kusan ɗaya cikin kowane goma.

Yankuna biyu ne kaɗai rahoton ya ce har zuwa lokacin rama ce ke kan gaba a cikinsu, su ne Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. Alƙaluman ƙasarmu ma sun tabbatar da haka. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ma'ana tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya kai adadin na ƙasa baki ɗaya zuwa kashi 40. Yaran da nauyinsu ya wuce kima kuwa, a binciken 2018 kashi 2 ne kacal.

Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai iya cewa batun ƙiba na mutanen Turai da Amurka ne, mu abin da ke gabanmu shi ne tamowa. Babu shakka tamowa ce babbar matsalarmu a yau, kuma bai kamata a karkatar da ko kwabo ɗaya daga yaƙi da ita ba. Sai dai wannan binciken na 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma su ne iyayen yaran da ake magana a kai. Ke nan a cikin gida ɗaya ana iya samun uwa mai teɓa da yaro tsumburarre. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Manufar wannan sharhi ita ce mu nuna cewa tamowa da ƙiba daga tukunya ɗaya suke fitowa, kuma matakan da iyali za su ɗauka su kare yaro daga ɗaya, su ne za su kare shi daga ɗayar.

Yadda Muke Kallon Ƙiba

Al'ummar da ta daɗe tana ganin fari da yunwa da ƙyanda, ba abin mamaki ba ne idan ta ɗauki ƙiba a matsayin alamar lafiya da wadata. Jariri ɓul-ɓul abin alfahari ne ga uwa da kaka, kuma shaida ce a idon jama'a cewa maigida yana sauke nauyin da ke kansa. A wasu gidajen ma akan yi gasar da ba a faɗa da baki, kowace ɗaki tana son a ce ɗanta ya fi cika ido. Wannan fahimta tana da tushe, domin kumatun jariri mai shan nonon uwa ba abin damuwa ba ne, yawanci jikin kan daidaita da zarar ya fara rarrafe da tafiya.

Matsalar ita ce ido ba mudu ba ne. Akwai yaron da za a gani ya cika, alhali kumburin tamowa ne ya kama shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na tsawon daƙiƙa uku, idan aka ɗaga yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba, to ruwa ne ya taru, kuma wajibi ne a garzaya da shi asibiti a ranar. Akwai kuma yaron da kitse ya yi wa yawa da gaske, amma jikinsa na cikin ƙarancin jini da ƙarancin sinadaran gina jiki, saboda abin da yake ci mai ƙosarwa ne kawai ba mai ginawa ba. Abin da ke raba gardama shi ne awo. Ma'aikacin lafiya kan auna nauyin yaro da tsawonsa, ya kwatanta da shekarunsa a kan katin awo, daga nan ne za a san ko girmansa na tafiya daidai.

Yunwar Jiya, Ƙibar Gobe

Wani abu da masana suka gano, wanda ya shafe mu kai tsaye, shi ne yunwar farkon rayuwa tana share wa ƙiba hanya. A hunturun 1944 zuwa 1945, gab da ƙarshen yaƙin duniya na biyu, yammacin ƙasar Holan ya faɗa cikin matsananciyar yunwa bayan da sojojin Jamus suka toshe hanyoyin shigar abinci. Shekaru bayan haka, da aka duba awon samarin ƙasar da aka yi wa rajistar aikin soja suna da shekara 19, sai aka tarar waɗanda iyayensu mata suka sha wannan yunwa a farkon watannin cikinsu sun fi takwarorinsu yawan ƙiba.

Bayanin da likitoci suka yi shi ne, jikin da ya tashi cikin ƙarancin abinci tun yana ciki yakan saba da tattali, ya riƙa adana duk abin da ya samu. Idan daga baya ya haɗu da yalwar sukari da mai, sai ya tara kitse cikin sauri, musamman a tumbi, kuma haɗarin ciwon sukari da hawan jini ya ƙaru a kansa. Haka zalika yaron da ya tsumbure, idan aka yi ƙoƙarin mayar masa da jiki da kayan zaƙi da soye-soye bayan ya wuce shekara biyu, nauyi zai ƙaru, amma tsawon da ya rasa da wuya ya dawo duka.

Idan muka haɗa wannan bayani da alƙaluman da aka ambata a sama, za mu ga girman abin da ke tafe. Fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma da aka auna a 2018 sun tsumbure, kuma su ne yanzu ke makarantun firamare da ƙananan sakandare, inda biskit da alewa da lemon roba ke jiransu a bakin ƙofa. Wannan ne ya sa masana lafiya ke nanata muhimmancin kwanaki dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu.

Abin Da Ya Sauya A Gidajenmu

Gado yana da tasiri, domin yaron da iyayensa ke da ƙiba ya fi saurin yin ta. Amma jinin mutane bai sauya cikin shekara talatin ba, abin da ya sauya shi ne abinci da yanayin zama. Bayan jini, iyaye suna gadar wa 'ya'yansu tukunyarsu da ɗabi'ar cinsu, kuma wannan gadon ana iya gyara shi.

Na farko shi ne abinci. A da, ƙauye da birni kusan abu ɗaya ake ci: tuwon dawa ko gero da miyar kuka ko kuɓewa, ɗanwake, dambu, kwaɗon zogale ko rama, fura da nono. A yau babu ƙauyen da ba a samun mai tebur da ke sayar da taliyar leda mai saurin dahuwa, da biskit, da cincin, da lemon kwalba. Waɗannan kaya ba sa lalacewa da wuri, ba sa cin itace, kuma an sarrafa su ta yadda bakin yaro ba zai ƙi su ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya bi diddigin nauyin manya daga 1985 zuwa 2017, ya nuna cewa fiye da rabin ƙaruwar nauyin da aka samu a duniya daga karkara ta fito, duk da cewa a tsakanin matan Afirka kudu da Sahara birane ne suka fi saurin hauhawa. Saboda haka zama a ƙauye bai zama katanga ba.

Tsadar rayuwa ta ƙara dagula lamarin. A tsakiyar shekarar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100. A irin wannan hali abin da ke fara ɓacewa daga kwano shi ne nama da ƙwai da kifi da wake, a bar tsaba da mai da sukari. Abin takaici kuma, a gidaje da yawa akan kai ƙwai da nono da gyaɗa da wake kasuwa, sannan a sayo wa yara biskit da alewa a matsayin tsaraba. An sayar da mai gina jiki, an sayo mai ruɓar da haƙori.

Na biyu shi ne sukarin da ake sha. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, kuma ya fi kyau ya gaza kashi 5. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin nan kimanin giram 25 ne, wato cokalin shayi shida, na yaro kuwa bai kai haka ba. Kwalbar lemo guda ta santilita 35 tana iya ɗaukar wajen giram 35. Kuma abin sha ba ya cika ciki kamar tuwo, yaro zai shanye kwalba ya zauna ya ci abincinsa cif. Ba lemon kamfani kaɗai ba, zoɓo da kunun aya da shayi da koko da muke haɗawa da hannunmu, sau da yawa sukarinsu bai gaza na kwalba ba.

Na uku shi ne yadda ake ciyarwa. Al'adar ɗura, inda ake danne jariri a cika masa baki da kunu, bayan haɗarin shaƙewa da ke cikinta, tana hana yaro sanin lokacin da ya ƙoshi. Haka nan rarrashi da alewa duk sanda yaro ya yi kuka, da tilasta masa ya share kwano ko da ya ƙoshi, da ba shi kuɗin tara ba tare da an tambayi abin da yake saye ba. Kakanni, saboda ƙauna, sukan zama kan gaba a wannan fanni, don haka duk gyaran da ba a sa su a ciki ba, da wuya ya ɗore.

Na huɗu shi ne zama wuri ɗaya. Langa da gaɗa da 'yar gala-gala da kokawa a dandali sun ja baya, wayar salula da gidan kallo sun maye gurbinsu. A garuruwa, filayen wasa sun zama shaguna da filotai, babur kuma ya maye gurbin tafiyar ƙafa zuwa makaranta. Yara mata sun fi shan wannan, domin da zarar yarinya ta fara tasawa sai a hana ta guje-guje. Kallo har tsakar dare kuma yana rage barci, ƙarancin barci kuwa yana ƙara wa yaro kwaɗayin abinci.

Na biyar, wanda ya fi gaggawa, shi ne magungunan ƙiba da ake saye a kemis da tasha da hannun masu talla ba tare da takardar likita ba. Wasunsu na buɗe ciki ne, wasu kuma, irin su dezametazon, magunguna ne masu ƙarfi da aka yi domin wasu cututtuka daban. Idan aka daɗe ana shansu sukan kumbura fuska, su tara ruwa a jiki, su jawo hawan jini da ciwon sukari, su raunana garkuwar jiki, kuma su tsayar da girman yaro. Ana ba yara ƙanana don su yi kumari, ana ba 'yan mata don su cika kafin aure. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan magani kada ya yanke shi farat ɗaya, a kai shi asibiti a janye masa a hankali.

Abin Da Ƙiba Ke Jawowa

Yaro mai ƙiba ya fi kusa da zama babba mai ƙiba. Tun yana ƙarami yana iya fama da minshari da sarƙewar numfashi cikin barci, da ciwon gwiwa, da taruwar kitse a hanta, ga kuma tsokanar abokai da ke sa wasu su tsani makaranta. Nau'in ciwon sukarin da a da ake dangantawa da manya, yanzu likitoci a ƙasashe da dama suna ganinsa a jikin matasa. Daga baya kuma hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda su biyo.

Ga magidanci a karkara, bambancin waɗannan cututtuka da zazzaɓin cizon sauro shi ne ba a shan maganinsu na kwana uku a huta. Magani ne na kowane wata har ƙarshen rayuwa, daga aljihun iyali, sau da yawa tare da doguwar tafiya zuwa babban asibiti. Gidaje da yawa sun sayar da dabbobi da gonaki a kan jinyar mutum ɗaya. Ga ƙaramar hukuma kuwa, asibitocin matakin farko da ke fama da awon ciki da rigakafi da tamowa za su sami ƙarin nauyin da ba a shirya masa ba.

Haraji Da Iyakarsa

Gwamnatoci sun fara ɗaukar mataki. Ƙasar Meziko ta ɗora harajin feso ɗaya a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2014, kuma sayensa ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, raguwar ta fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Chile ta wajabta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan da sukari ko gishiri ko mai ya yi musu yawa daga 2016. Afirka ta Kudu da Birtaniya sun bi sahu da nasu harajin a 2018.

A Nijeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Ke nan naira 5 a kan kwalbar rabin lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nuni tun 2016 cewa harajin da zai yi tasiri shi ne wanda zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100, naira 5 kuwa ba ta kusanci haka ba, musamman bayan tashin farashin shekarun da suka biyo baya. Amma ko da an ninka shi, haraji a ƙofar kamfani yake tsayawa. Ba ya shiga madafa, ba ya ƙirga cokalin sukarin da ake zubawa a kunu. Wannan cokali a hannun iyali yake.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Iyali

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyara yana farawa daga mai ciki: ta sami abinci mai gina jiki, ta riƙa zuwa awo, a duba jininta da sukarinta. Bayan haihuwa, nonon uwa zalla na wata shida, ba ruwa ba jiƙo, sannan a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu tare da ƙarin abinci. A binciken 2018, kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla a Nijeriya, alhali shi ne rigakafin da ba a biya, mai kare yaro daga gudawa da tamowa, mai kuma rage masa haɗarin ƙiba.

Daga wata shida, a inganta kunu da gyaɗa ko waken suya, a haɗa da ƙwai da kifi da kabewa da ganye. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyu lemon zaƙi ko kaɗan. Ga manyan yara, ruwa mai tsabta ya zama abin sha na kullum, lemo ya koma na salla da biki. A maye gurbin biskit da abin da ƙasarmu ke bayarwa: mangwaro, gwaba, gwanda, kankana, goruba, magarya, aduwa, ɗinya, dafaffiyar gyaɗa da rogo. A rage sukari a hankali, rabin cokali bayan rabin cokali, har baki ya saba. Iyaye ke da ikon zaɓar abin da za a ci da lokacin ci, yaro kuma a bar shi ya tsaya idan ya ƙoshi.

Dangane da motsa jiki, ana son 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla awa ɗaya a rana na wasan da zai sa su gumi, maza da mata. 'Yan ƙasa da shekara biyu a nisanta su da kallon waya da talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsu ya wuce awa ɗaya a rana, kuma a tsayar da lokacin kwanciya.

Idan awo ya nuna yaro ya riga ya yi ƙiba, kada a hana shi abinci, kada a ba shi shayin rage teɓa ko jiƙe-jiƙe, kada kuma a mayar da shi abin ba'a. Yaro yana cikin girma, sau da yawa abin da ake buƙata shi ne nauyinsa ya tsaya har tsawonsa ya cim masa. Hakan ba zai yiwu ba sai gidan duka ya sauya, domin ba a hana yaro lemo alhali uba yana sha a gabansa. Tunda maigida ne ke yin cefane a mafi yawan gidajenmu, bai dace a bar wa mata wannan nauyi su kaɗai ba.

Rawar Da Hukumomi Za Su Taka

Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da sassan lafiya suna da aiki mai sauƙin kuɗi a gabansu. Ya kamata kowane asibitin matakin farko ya mallaki sikeli da allon auna tsawo masu aiki, a kuma horar da ma'aikata su riƙa duba sama da ƙasan katin awo, ba ƙasa kaɗai ba. Makon lafiyar mata da ƙananan yara da ranakun rigakafi dama ce ta isar da wannan saƙo ba tare da ƙarin kashe kuɗi ba. Sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu su zauna da masu talla a ƙofar makaranta, ba don a kore su ba, sai don a ƙarfafa musu sayar da ƙosai da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace, a samar da ruwan sha, a dawo da darasin motsa jiki, a kuma kare filayen makarantu daga masu yanka filotai. Malaman gona su ƙarfafa lambun bayan gida da dashen zogale. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai su yi amfani da muryarsu a kan ɗura da magungunan ƙiba, a kuma sanar da hukumar NAFDAC da sauran jami'an da abin ya shafa duk inda ake sayar da su barkatai.

Ƙasashen da ƙiba ta yi wa katutu a yau sun farga ne bayan ruwa ya kai musu wuya, kuma suna kashe maƙudan kuɗi ba tare da sun iya mayar da hannun agogo baya ba. Mu kuwa har yanzu gero da dawa da wake da zogale suna gonakinmu, iyayenmu mata sun san yadda ake sarrafa su, kuma yawancin yaranmu ba su manta da dandali ba. Abin da ya rage shi ne mu san darajar abin da ke hannunmu kafin ya suɓuce. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.